Zaren da Ya Zagaye Wuyan Jaririyata

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Gidan Waya.

Jaririyata ta yi ƙuraje a wuya, sai surukata ta kwaɓa sukari da man kaɗanya ta shafa mata. Ta ce, “'Yata, haka na yi wa mijinki.”

Da tsakar rana na leƙa ɗaki, na ga siririn zare daga taga har gadon jaririyar. Zaren yana tafiya. Kiyashi ne, sun zagaye wuyanta. Ba ta kuka, ido kawai ta zuba mini.

Na wanke ta, ta tsira. Amma Mama, surukar tawa, ta ce maƙiya ne suka turo su, yau ma ta sake kwaɓawa. Litinin zan koma aiki, yarinyar tana hannunta. Jama'a, me zan ce mata?