Cakulan da Reza

A kantin da ke bakin asibiti, wani dattijo ya tambayi cakulan mai jar takarda da hoton giwa. Mutumin da ke bayansa a layi ya riga mai kanti amsawa.

"Baba, an fi shekara talatin da daina yinsa."

"Yayana ne a kwance. Ya ƙi abinci, shi yake nema."

"Ai ba wani daɗi gare shi ba. Ina yaro kullum sai na cinye guda. Kamar sabulu."

"Guda? Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Shi ya sa. Mu bakwai ne, da reza babanmu yake raba mana."

"Ina sauran?"

"Saura ni da shi." Dattijon ya juya wajen mai kanti. "Ba ni kowane iri. Haɗa min da reza."