Wa Ya Nemi Izininmu?

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, direba ne ni a Doha, ina zaune a Fereej Abdel Aziz.

Ranar Talata na ɗauki wani injiniya a Corniche, ya ce ya taɓa aiki a tashar lantarki ta nukiliya. Na tambaye shi yaushe ake cewa gubar tasha ta yi yoyo. Ya ce sai in bututu ya fashe, ko an manta famfo a buɗe, ko ta fita ta hanyar da ba a tsara ba. Amma wadda aka auna aka saki cikin teku da izini, wai ba yoyo ba ne, 'yar kaɗan ce, shi ke nan.

Malama, raina ya ɓaci. Mu nan ruwan teku ake tace mana mu sha, da shi muke alwala. Wa ya nemi izininmu? Kifin da muke soyawa ya san wadda aka saki da gangan da wadda ta kuɓuce?

Don Allah a kawo masani ya yi mana bayani. Ina gaida 'yan ɗakinmu, musamman Baba Isa, wanda tun ranar bai sake taɓa kifi ba.