Yatsan Gwaggo da Sashe na Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakiliyar hukumar kula da bankuna, masu girma 'yan majalisarmu guda biyu, na jam'iyya mai mulki da na jam'iyyar adawa, waɗanda yau Allah ya haɗa su a kan benci ɗaya. Manajojin bankuna, malamanmu, iyayenmu mata da maza. Abokan sana'ata masu shagunan cire kuɗi da turawa. Magina, kanikawa, masu fenti, masu wanki da guga, da duk wanda ya rufe shagonsa ya taho: ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Bayan haka ina gode wa shugaban makarantar nan da ya ba mu aron zaure, har da kujerun 'yan aji uku, waɗanda na ga dattawanmu sun zauna a kai gwiwa na taɓa haɓa. Ku yi haƙuri, ba zan tsawaita ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne sakataren ƙungiyar masu shagunan cire kuɗi. Shagona yana bakin kasuwa: tebur ɗaya, kujera biyu, da 'yar na'urar nan da ake ɗora yatsa a kan gilashinta. An ce in yi magana a kan sabuwar dokar bankuna, kuma abubuwa huɗu zan faɗa.

Na farko, dokar nan tana da kyau, kuma da bakina nake faɗa, ni da na taɓa ɗaga kwali a titi ina cewa a soke ta. Mun san yadda muke kafin ta zo. Mutum zai tsinci katin shaidar wani ya buɗe asusu da sunansa, ya damfari jama'a, a zo a kama mai katin. Kamfani zai kama haya, ya shafa fenti, ya ce kawo ɗaya ka karɓi biyu, bayan wata uku ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Dokar ta ce duk mai karɓar ajiyar jama'a sai da lasisi. Ta ce idan banki ya durƙushe, ajiyar ƙaramin mutum ba za ta bi shi ba. Ta kuma ce kowane asusu sai an haɗa shi da zanen yatsan mai shi, wanda ba a haɗa ba zuwa ƙarshen wata mai zuwa za a kulle shi.

Na biyu, a wannan sharaɗi na ƙarshe ne muka gamu da abin da masu rubuta dokar ba su hango ba. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda da yawanku kun san ta da Gwaggo Mai Wanki. Shekara talatin da ɗaya hannunta yana cikin ruwan sabulu. Da shi ta aurar da 'ya'ya, da shi ta yi rufin ɗakinta, kuma abin da ta tara saboda ranar da ƙarfi zai ƙare yana cikin asusu ɗaya tak. Ta zo shagona da safe ta ɗora babban yatsa, na'ura ta nuna ja. Na goge gilashin da bakin rigata, ja. Na ce ta shafa yatsan a goshi ya ɗan sami maiƙo, kamar yadda muke yi wa magina, ja. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya, babu wanda na'urar ta gane, domin sabulu ya riga ya cinye zanen.

A nan na yi kuskuren da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce mata, “Gwaggo, ki huta da wanki na kwana goma, zanen zai dawo.” Haka muke gaya wa kowa a sana'armu, har muna kiransa hutun yatsa, kuma babu wanda ya taɓa tambayarmu inda muka samo wannan ilimi. Gwaggo ta yarda da ni. Kwana goma sha biyu tana zaune a ƙofar ɗaki, hannu a cinya, tana shafa masa mai safe da yamma, masu kawo mata kaya suna juyawa da ƙullinsu zuwa wani gida. Ta dawo ta ɗora, na'ura ta nuna ja. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce, “Ɗan nan, yanzu idan wannan abin ya ce ba ni ba ce, wa zai ce ni ce?” Da muka bincika a shagunan 'yan ƙungiyarmu kaɗai, mutum ɗari biyu da sittin muka samu masu wannan matsala, har da ita.

Na uku shi ne siyasa, kuma ina roƙon masu girma 'yan majalisa su yi mini afuwa, gaskiya zan faɗa a gabansu. Da labari ya bazu, 'yan adawa suka zo mana da huluna da lasifika, suka ce dokar gaba ɗaya makirci ce, a soke ta. Masu mulki suka hau rediyo suka ce duk mai kuka da dokar ɓarayi ne suke ɗaukar nauyinsa. Mu kuwa muka sa hula muka fita titi, alhali a cikinmu babu wanda ya karanta ko shafi ɗaya. Sai maƙwabcin shagona, tsohon malamin lissafi da ke sayar da littattafai, ya sa aka buga masa dokar, shafi arba'in da bakwai, ya zauna da jan biro kamar mai duba jarrabawa. Bayan kwana uku ya leƙo ya ce, “Sakatare, kun ɗauko gatari za ku rushe gida saboda taga ɗaya ta ƙi buɗuwa. Matsalarku layi biyu ce a sashe na goma sha huɗu: ba a tanadi wata hanya ba ga wanda yatsansa ya goge.”

Da wannan muka nemi a saurare mu ranar da kwamitin majalisa ya kira jin ra'ayin jama'a. Muka tafi da Gwaggo, muka tafi da na'ura. Ɗaki ne mai sanyi, da darduma mai laushi da ruwan gora a gaban kowa, Gwaggo har ta cire takalmi a bakin ƙofa. Aka ba mu minti biyar. Na roƙi shugaban kwamitin ya ɗora yatsansa, ya ɗora, nan take ta nuna kore. Gwaggo ta ɗora sau uku, sau uku tana nuna ja. Ban shirya mata magana ba, ita ce ta ɗaga yatsan sama ta ce, “Ranka ya daɗe, ranar zaɓe da wannan yatsan na dangwala, tawada ta kama, ba wanda ya ce mini ya goge.” Ɗakin ya ɗauki dariya, amma shugaban bai yi ba. Ya ce wa magatakarda ya rubuta.

Jama'a, cikin mako biyar aka gyara sashen. Yanzu wanda na'ura ta ƙi yatsansa za a ɗauki hoton fuskarsa, ya kawo shaidu biyu masu asusu, a tantance shi. Jam'iyyu biyun nan, da ba su taɓa yarda da juna ko a kan lokacin tashi daga zama ba, tare suka ɗaga hannu. Na ji kowannensu a rediyo yana cewa shi ya kawo gyaran. Mu ba mu da ja, ku raba ladan yadda kuka ga dama, mun gode muku duka.

Na huɗu roƙo ne, domin gyara a takarda bai kai kasuwa ba tukuna. Mai girma wakiliyar hukuma, rassan banki uku ne kaɗai a yankin nan suka sami na'urar ɗaukar fuska, ga wa'adi yana matsowa. Ku turo ma'aikata cikin kasuwa, ko ku ƙara mana lokaci. Manajoji, ku gaya wa ma'aikatanku su daina cewa tsoho ya je ya dawo gobe, domin kowace gobe yinin aiki ce ta tafi. 'Yan majalisa, ku riƙa kiranmu kafin a rubuta, ba sai an buga hatimi ba. Abokan sana'ata, daga yau kada wanda ya sake tura wani hutun yatsa. Ku kuma iyayenmu, ku fito a tantance ku, ni da malamin lissafi mun yarda mu tsaya shaida ga duk wanda muka sani.

Ranar Alhamis da ta wuce aka tantance Gwaggo, asusunta ya tsira. Na so ƙwarai ta zo yau ku gan ta, har na sa an ajiye mata kujera a sahun gaba. Da na biya ɗaukarta da safen nan, na tarar da ita a tsakar gida, baho uku a gabanta, kumfa har gwiwar hannu. Na ce, “Gwaggo, manyan mutane suna jiranki.” Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Ka gaishe su. Ka ce musu na zauna kwana goma sha biyu saboda su, yau kam ina da aiki.”

Allah ya sa wa hannun da ke nema albarka. Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba mu haƙurin karantawa kafin mu yi ihu. Allah ya tsare ajiyar mai ƙaramin ƙarfi, ya sa sauran ɗari biyu da hamsin da tara su ga abin da Gwaggo ta gani kafin wa'adin ya cika. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.