Farantan Mama Agatha

Mai girma Hakimi, Fada na cocinmu, shugaban tasha, iyayenmu na Zumuntar Mata, Chidozie da Ifechi da dukan gidan Nwachukwu, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ni ce Paulina. Ban yi karatu mai nisa ba, amma shekara goma sha tara ina hura wuta kusa da Mama Agatha a rumfarta ta tashar jirgin Kafanchan, shi ya sa matan tasha suka ce in tsaya in yi magana.

Ta kasance uwa gare mu. Ita ta koya mana cewa fasinja ba baƙon mai abinci kaɗai ba ne. In ya sayi shinkafa, mai doya daga Gwantu ya ci, mai citta daga Kachia ya ci, mai itace ya ci. Masu zuwa kallon ruwan Matsirga da bikin Kagoro a nan suke sauka, masu masauki da direbobi duk su samu. Da abin da matafiya suka bari muka sa 'ya'yanmu makaranta.

Ta kasance ba ta ƙwace faranti a hannun mai ci. Jirgi zai yi kuka, mutum bai gama ba, mu muna bin taga da gudu muna ihu. Ita sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tafi da shi, ɗana, ka aiko!" Kowace mace da fentinta a gindin faranti. Nata ja, nawa kore. Nakan ce, "Mama, a Maiduguri za su buɗe kanti da kayanki." Ta ce, "Paulina, bakinki ya fi barkonona zafi." Wasu ma'aikatan jirgi na dawo da su, da yawa kuma sun tafi ke nan.

Ta kasance a wurin lokacin rikicin tamanin da bakwai, ba ta gudu ba. Ta kasance a wurin da jirage suka fara ƙaranci, masauki ya zama kango, ciyawa ta rufe layin dogo. Cikin mata talatin, mu tara muka rage, muna sayar wa leburori da masu babur.

Yanzu zan faɗi abin da muka ɓoye wa Fada. Tun damina, farantan Mama suka fara dawowa. Da rana tsaka, muna zaune, ba jirgi, ba kowa a dandamali, sai mu juya mu ga ɗaya a kan benci, a wanke, da ɗumi kamar yanzu aka ajiye. Akwai mai tsaga a baki wanda na san ya tafi tun Ifechi tana goye. Caroline, ɗaya daga cikinmu, ta bar zuwa saboda tsoro. Mama kuwa ta ɗauka, ta shafa, ta ce, "Ya isa gida." Ran Talata wani farantin ya zo, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "To, sun cika." Ran Laraba ta kwanta, ba ta tashi ba.

Chidozie, ɗana, na ji kana so ka rushe rumfar ka sayar da katakon, ka ce wurin ba lafiya. Ban ga laifinka ba. Amma mata tara ne ke ci a ƙarƙashinta, da 'ya'yansu. Kuma ba zan yi maka ƙarya a gaban hoton uwarka ba. Jiya na je shara, na tarar da faranti a kan benci. Na juya gindinsa. Kore ne.

Ina jin tsoro. Ban san farantaina nawa ne suka rage a hanya ba. Amma kwanakin da suka rage mini, a bakin murhun nan nake so in yi su. Ka bar mana makulli, Litinin zan hura wuta.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Ubangiji ya karɓi Mama Agatha, ya ba gidanta haƙuri, ya dawo da matafiya garinmu, masu sauka da ƙafafunsu mu gan su. Amin.