Kuɗin Sani na isowa, labarinsa ba ya isowa

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Gabi.

Ƙanena Sani yana ci-rani a Katsina. Da can direba yake ba saƙon kuɗi ya kawo wa Inna. Sai ta dama wa direban fura, tana tambaya: "Ya rame? Yana cin abinci?"

Tun da aka gyara harkar bankunan Najeriya, ta waya yake turowa, mu karɓa wurin ɗan canji a garin Ɗan Issa, nan Nijar. Ba jira, mun gode Allah. Amma rannan Inna ta karɓa, ta ce wa ɗan canjin: "Ɗana, yaya ka gan shi?" Bawan Allah ya sunkuyar da kai, bai ma san Sani ba.

Sani, in kana saurare, Inna ba ta daina dama furar nan ba. Ka zo ka sha da kanka.