Ranar da Ikkilisiya Ta Juya Mini Baya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawa, iyayena mata da 'yan'uwa, na gode da kuka ba ni wannan fili. Sunana Rifkatu, matar Malam Iliya. Tsofaffin cikinku sun fi sanina da Maman Kifi, don tun zuwanmu Birnin Kebbi sana'ata ke nan, in saro banda a Argungu in kawo nan in sayar.

Abin da zan faɗa ya faru ne shekarar da ciwon idon nan da ake kira Afolo ya sake ɓarkewa, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Ba mu kaɗai ba ne, a rediyo muna ji har ƙasashen waje suna fama. Mutum zai kwanta lafiya lau, ya tashi ido ja wur kamar garwashi, kwantsa ta liƙe shi, ciki kuma kamar an zuba yashi. Sai aka baza magana a gari cewa da kallo ake ɗauka. Ka haɗa ido da mai shi, shi ke nan, ka kwasa.

Ikkilisiyarmu a lokacin ƙarama ce, ɗaki guda na ƙasa da rufin kwano. Yawancinmu baƙi ne, wasu daga Filato, wasu daga kudancin Zariya, wasu daga Zuru. Ba mu da dangi a garin nan sai juna. Ni ma maigidana aiki ya kai shi Gusau, yara kuma suna wurin kakarsu, ni kaɗai ce a gida.

Wata Lahadi muka zo sujada, kowa da baƙin tabarau. Mai ciwo ya sa don kada ya ba wani, mai lafiya ya sa don kada a ba shi. In ka leƙo ta taga, ka ce taron 'yan sandan ciki ne. Fastonmu na lokacin ya hau bagade ya buɗe Littafi, hawaye na bin kumatunsa. Mu kuwa sai "Amin, Amin" muke yi, mun ɗauka wa'azin ne ya taɓa shi. Ashe bawan Allah ko harafi ɗaya ba ya gani.

Bayan sujada aka zauna shawara. Sista Naomi, wadda take aikin jinya a asibiti, ta tashi ta ce, "Iyayena, ba da kallo ake ɗauka ba. Hannu ne, da tsumma, da ruwan wanke fuska. Ku daina musafaha, kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu. Kuma a ganina mu ɗan dakatar da taruwa a ɗaki ɗaya."

Dattijo Bulus, tsohon soja ne, mutum ne da in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, karatunki daban, abin da na gani daban. Matata harara ɗaya ta yi mini da safe, kafin la'asar na kamu."

Aka yi dariya, amma maganar rufe majami'a ta yi mana nauyi. Wata tsohuwa ta ce in an daina taruwa, wa zai san wanda ya kwanta da wanda ya tashi? Nan Dattijo Bulus ya kawo dabararsa. Ya ce tun da mu ba za mu je majami'a ba, majami'a ta riƙa zuwa gidajenmu. Masu sauran ƙarfi su riƙa zagayawa gida gida, su tsaya a bayan katanga, su yi waƙa da addu'a, su kira sunan mai gidan har sai ya amsa. Amma da sharaɗi, kowa ya juya wa gidan baya, kada a haɗa ido.

Na ga Sista Naomi ta buɗe baki za ta yi gardama, sai ta fasa. Daga baya ta ce mini, "Maman Kifi, wanda ya juya baya ai ba zai miƙa hannu ba. Ƙyale Baba da dabararsa."

Haka muka riƙa yi. Yaran unguwa suna binmu suna dariya, suna cewa ga masu yi wa hanya waƙa.

Ana cikin haka kifina ya ƙare, na hau mota na tafi Argungu wurin Inna Kulu. Musulma ce, dattijuwa, wurinta nake sari tun da na fara, ta ɗauke ni kamar 'yarta. Tun a mota na ji idona na ƙaiƙayi, na ce ƙurar hanya ce. Ina shiga gidan ta dube ni ta ce, "Rihkatu, mi as samu idonki? Ba ki tahiya ko'ina da wanga ido. Shiga ɗaki ki kwanta."

Na kwanta. Ita dai Inna Kulu cewa ta yi in bar shi, zai wuce don kansa. Amma kun san mutanenmu da zumunci. Maƙwabta suka ji baƙuwar Inna ba ta da lafiya, suka fara zuwa sannu, kuma ba wadda ta zo hannu rabbana. Ta farko ta kawo ruwan sukari, ta ce shi ya warkar da mijinta. Na ɗiga. Ta biyu ta kawo ruwan albasa, ta ce albasar fadamarsu ce, ba irin ta kasuwa ba. Na ji kunyar in ƙi, tun da na karɓi na waccan. Na ɗiga, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ni gidan miji. Na ce a raina, ga albasa ga sukari, saura daddawa idona ya zama miya.

Ta ukun ce ta gama da ni. Garin taba ta kawo, an haɗa da kanwa. Ta ce zafi shi ke korar zafi. Inna Kulu ta fita wurin masunta, ba wanda zai hana. Ni kuma ina son in warke in koma kasuwa. 'Yan'uwa, na sa.

Abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Idanuna suka kumbura suka rufe ruf. Gari ya waye, wani ya sake wayewa, ban ga haske ba. Ko bayan gida sai Inna Kulu ta riƙe mini hannu. Ta ce a kai ni asibiti, na ƙi, don tsoro nake ji a buɗe a ce mini idon ya mutu. Na gwammace in zauna cikin rashin sani. Na riƙa tuna 'ya'yana, ina ƙoƙarin kawo fuskar autana a zuciya, ina cewa ashe ganin da na yi masa na ƙarshe ke nan. Maigidana bai sani ba. Ba waya a lokacin. Kuma ban gaya wa kowa a ikkilisiya zan yi tafiya ba, don na ɗauka kwana ɗaya zan yi.

Ranar Lahadi da hantsi ina zaune a kan tabarma, na tuna yanzu 'yan'uwa suna can suna zagaya gidaje. Na durƙusa, ban ma san inda na fuskanta ba. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, kai ka buɗe idon makafi, nawa ma ba su fi ƙarfinka ba. In kuwa nufinka ne in zauna haka, to kada ka bar ni ni kaɗai. Ka tuna da ni." Na yi kuka, hawayen ma da ƙyar suke samun hanyar fita. Bayan nan sai na ji zuciyata ta kwanta, irin kwanciyar da ban ji ba tun da abin ya fara.

Da azahar ta wuce, sai na ji kamar waƙa daga nesa. Waƙar sujada, da Hausa, a tsakiyar Argungu. Na ce shi ke nan, Rifkatu, kin mutu, mala'iku ne suka zo tarya. Na kasa kunne sosai. Can sai na ji wata murya ta haura sama ta bar sauran a baya, ta kuma sauka inda ba a nan ake sauka ba. Na ce a'a, mala'ika ba zai yi wannan kuskure ba. Wannan Mama Tabita ce ta zumuntar mata.

Ga yadda aka yi. Da safe sun je bayan katangata a Birnin Kebbi, sun yi waƙa, sun kira sunana, shiru. Dattijo Bulus ya ce ba za a wuce ba sai an ji muryata. Maƙwabciyata ta fito ta ce ai na tafi Argungu wurin Inna Kulu tun farkon mako ban dawo ba. Nan take ɗan'uwa Ɗanladi ya kawo a-kori-kurarsa, suka ɗuru a baya. Da suka iso, ba wanda ya san gidan Inna Kulu, sai aka yi musu kwatance, suka ɓata. Suka jeru a bayan katangar wani tsohon masunci, suka juya baya, suka kama waƙa. Tsohon ya fito ya tarar da mutane cikin baƙin tabarau sun ba gidansa baya suna rerawa. Ya ce, "Ku bayin Allah, lahiya? Wa ar rasu?" Da suka yi masa bayani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa takalmi ya rako su da kansa.

Sai ga muryar Dattijo Bulus a bayan katangarmu, irin ta fareti. "Rifkatu matar Iliya, kina nan?"

Na ce, "Baba, ina nan." Muryar ba ta fita ba, sai da Inna Kulu ta maimaita musu da ƙarfi.

Sista Naomi ce kaɗai ta shigo. Da ta ji abin da na zuba a idon, sai ta ce, "Maman Kifi, za mu yi wannan maganar in kin warke." Ta sa aka tafasa ruwa ya huce, ta wanke hannu, ta riƙa jiƙa auduga tana gogewa a hankali. A waje kuma ana ta addu'a. Ta daɗe tana yi. Can sai na ji fatar idon hagu ta saki, wani farin haske ya shigo kamar ta ramin ƙofa. Na ce, "Sista, ina ganin wani abu." Ta ce, "Me kike gani?" Na ce, "Ban sani ba, amma yana motsi." Ta ce, "Hannuna ne."

Ta kama ni ta fito da ni ƙofar gida. Abin da na fara gani sosai a duniyar nan, bayan kwanakin duhu, shi ne ƙeyar Dattijo Bulus tana ƙyalli a rana, da bayan 'yan'uwana a jere, riguna duk jar ƙasar hanya. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar ƙeyar nan ba. Na ce, "Baba, ina ganinku." Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Yabo ga Ubangiji!" Sannan ya ƙara da cewa, "Kowa ya tsaya yadda yake, kada wanda ya waiwayo."

Inna Kulu ta tsaya a gefena tana kallonsu. Ta ce, "Rihkatu, ashe kina da dangi haka? Ni na aza ke ɗai ta." Ta hana su tafiya sai da suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, kowa da kwanonsa, a gindin katanga.

A ranar suka wuce da ni asibiti. Likita ya ce da na ƙara jinkiri, da labarin ya zama wani. Idon hagu ya warke sarai. Na dama har yau yana ɗan hazo, shi ya sa in kun gaishe ni ta wannan gefen nake juyowa gaba ɗaya.

'Yan'uwa, na roƙi Ubangiji abu biyu, ya buɗe idona, in bai buɗe ba kada ya bar ni ni kaɗai. Ya ba ni duka biyun a yini ɗaya. Ina yi masa godiya, ina gode wa waɗanda suka ƙi barin ƙofata sai sun ji muryata, da Inna Kulu da ta riƙe hannuna kamar ita ta haife ni.

In ciwo ya zo, ku je asibiti, ku bar albasa a tukunya. Ku dogara ga Yesu, yana ji ko addu'ar ba ta da tsawo. Kuma kafin ku fita yau, ku duba bencin da kuke zaune. In akwai wanda ya saba zama kusa da ku, yau ba ya nan, kada ku ce wataƙila ya yi tafiya. Ku je ku kira sunansa har sai ya amsa.

Ubangiji ya tsare mu duka, cikin sunan Yesu. Amin.