Tallan da Ya Faɗo Ranar Jana'izar Kawu

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Bukar daga Limanti, nan Maiduguri.

Sana'ata tallata kayan wani shagon intanet. Duk wanda ya saya ta hanyata, sai a ba ni kamasho. Don kada in manta, na saita wayata ta riƙa tura talla da kanta kullum, har cikin guruf ɗin danginmu.

Ranar da Kawu Modu ya rasu, muna maƙabarta, wayar tana aljihuna. Ashe ana tsakiyar ta'aziyya a guruf, tallana ya faɗo: "Garaɓasa! Takalma sun sauka, kada a ba ku labari!"

Muna dawowa, babbar 'yarsa Ya Falmata ta nuna min, ta ce, "Bukar, ko a kasuwar Gamboru ana rufe shago in an yi rashi."

Na rantse ba ni na tura ba. Ta ce, "To wa ya saita ta?"

Har yau ba ta amsa gaisuwata. Jama'a, ku ba ni shawara, ta ina zan fara? Abin da ya fi ci min rai, Kawu ne ya saya min wayar nan don in nemi na kaina.